Kasuwanni da cinikin yau da kullum a Madawa, Buza da Keita

Gundumomin Madawa, Buza da Keita, cikin jihar Tawa, ba su da manyan kantunan zamani irin waɗanda ake gani a Yamai, ko irin Ado Bayero Mall da aka buɗe a Kano a 2014. Abin da iyali ke ci da abin da suke sawa yana fitowa ne daga wurare huɗu: kasuwar mako, ƴar kasuwar kullum ta cikin gari, shago da teburin unguwa, sai kuma cinikin da mata ke yi daga cikin gida. Kowane ɗaya yana da irin kayansa, da farashinsa, da lokacin da ya fi amfani. Magidancin da ya san inda zai auni hatsi, da watan da zai auna, da irin kwanon da za a auna masa, yana iya tsimin kuɗin da zai ciyar da gidansa kwanaki da dama a tsakiyar damina.

Yanayin yankin

Gundumomin uku suna cikin ƙasar da ake kira Adar-Dutsi-Maggiya, ƙasar tuddai da duwatsu da fadamu. Bisa ƙidayar jama'a ta 2012, gundumar Madawa tana da mutum fiye da 540,000, Buza fiye da 440,000, Keita kuma fiye da 330,000. Mafi yawansu Hausawa ne, tare da Buzaye da Fulani, kuma mafi yawansu suna zaune a karkara.

Gundumar Madawa ta ƙunshi ƙananan hukumomi shida: Madawa, Azarori, Bangi, Galma, Urno da Sabon Gida. Buza tana da bakwai: Buza, Allakai, Baban Katami, Dewule, Karofane, Tabotaki da Tama. Keita tana da huɗu: Keita, Garhanga, Ibohamane da Tamaske.

Hanyoyi biyu ne ke riƙe da cinikin yankin. Ta farko ita ce babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Birnin Ƙonni da Galmi, ta bi ta Madawa zuwa Maraɗi da Damagaram. Daga Yamai zuwa Madawa kimanin kilomita 500 ne, daga Ƙonni kusan 90, zuwa Maraɗi kuma fiye da 150. Ta biyu ita ce wadda ta tashi daga Madawa ta yi arewa zuwa Buza, ta wuce Keita da Tamaske ta faɗa Tawa. Garin da ke bakin ɗayan waɗannan hanyoyi yana samun kaya da sauri kuma da sauƙin farashi. Ƙauyen da ke bayan dutse ko ƙetaren ƙorama yana biyan kuɗin mota a kan kowane buhu, kuma idan ruwa ya yanke hanya a watan Agusta, sai ya jira.

A kudu, gundumar Madawa ta yi iyaka da jihar Sakkwato ta Najeriya. Wannan kusanci ya sa kayan Najeriya da kuɗin naira suka zama ruwan dare a kasuwannin yankin.

Kasuwar mako

Kasuwar mako ita ce uwar ciniki. Kowane babban gari da manyan ƙauyuka suna da ranarsu, an kuma tsara ranakun yadda ɗan kasuwa zai ci wata kasuwa yau, gobe ya ci wata, ya zagayo cikin kwana bakwai. Saboda haka ne ake ganin fuskoki iri ɗaya a rumfunan ƴan koli da ƴan atamfa na garuruwa daban-daban. Motocin kasuwa su ma wannan zagayen suke bi, kuma a ƙauyuka da yawa ranar kasuwa ce kaɗai ranar da ake da tabbacin samun mota.

Daga cikin kasuwannin da aka fi sani akwai ta garin Madawa, ta Tunfafi da ke kusa da ita, ta Sabon Gida da ta Bangi a wajen iyaka. A gundumar Buza akwai ta garin Buza da ta Karofane. A gundumar Keita akwai ta Keita, ta Ibohamane da ta Tamaske, garin da ƴan kasuwarsa suka yi suna har a ƙasashen waje. Shirin ProDAF, wanda gwamnati ta fara a 2015 da tallafin asusun FIDA, ya sanya Karofane da Sabon Gida cikin cibiyoyin da ya zaɓa don inganta cinikin amfanin gona.

Duk da cewa baƙo zai ga kasuwar kamar a hargitse take, kowane kaya yana da wurinsa:

Wajen hatsi: gero, dawa, masara, wake da shinkafa. A nan ƴan awo suke, masu auna wa mai saye da mai sayarwa.

Kara: wurin dabbobi, yawanci a gefen kasuwa. Awaki, tumaki, shanu, jakuna da raƙuma. Ba a cika yin ciniki ba sai da dillali.

Rumfar mahauta: ɗanyen nama, tsire, balangu da kilishi, a ƙarƙashin sarkin fawa.

Wajen kayan miya: albasa, tumatir ɗanye da busasshe, tattasai, barkono, kuɓewa, kuka, daddawa, gishiri da kanwa. Mata ne suka fi yawa a nan.

Rumfunan ƴan koli da ƴan tufafi: zare, allura, madubi, turare, man shafawa, takalma, atamfa, shadda da gwanjo.

Wajen masu sana'ar hannu: maƙera da hauya da lauje da wuƙa, masu tukwane da tuluna, masu igiya, dukawa, da masu tabarmi. Madawa ta daɗe da yin suna wajen tabarmar kaba mai launi, wadda matafiya kan tsaya su saya a bakin hanya.

Kasuwar mako tana da fuska biyu. Da safe manoma da makiyaya ke kawo abin da suke da shi, ƴan sari su tara. Daga azahar kuma waɗannan manoman ne ke komawa masu saye, su juya kuɗin da suka samu zuwa sukari, sabulu, gishiri da man girki. Mace za ta kawo tiya biyu ta wake ko kaza ɗaya, ta koma da cefanen mako. Wannan shi ya sa farashin hatsi da na dabba yake shafar cinikin mai shago kai tsaye: ranar da akuya ba ta yi daraja ba, ɗan koli ma ba ya ciniki.

Ƙaramar hukuma ce ke karɓar harajin kasuwa ta hanyar tikiti: na rumfa, na wurin zama, da na kowace dabbar da aka shigo da ita ko aka sayar. Ga yawancin ƙananan hukumomin karkara, wannan haraji yana cikin manyan hanyoyinsu na samun kuɗin shiga. Tun watan Afrilun 2024, lokacin da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomin da gwamnati ta naɗa ne ke kula da wannan aiki.

Cinikin kullum a cikin gari

Sauran kwana shida na mako, mazaunin gari yana dogara da abin da ke kusa da shi.

Ƴar kasuwar kullum. A Madawa, Buza, Keita da Tamaske, wani ɓangare na kasuwa yana ci kowace rana, musamman wajen kayan miya da nama. Tasha ma kasuwa ce: masu shayi da burodi, masu abinci, masu ƴaƴan itace da masu sayar da katin waya suna nan daga asuba zuwa dare.

Shago ko kanti. Shagon unguwa yana ajiye shinkafa, taliya, sukari, madarar gari, ganyen shayi, man girki, tumatirin gwangwani, magi, sabulu, ashana da batir. A manyan garuruwa akwai ƴan shagunan da ke da firji, inda ake samun lemo, ruwan leda mai sanyi da yawur, gwargwadon yadda wutar NIGELEC ko farantin hasken rana ya ba da hali. Akwai kuma manyan shagunan ƴan sari, waɗanda ke sayar da buhu da kwali da jarka ga ƙananan ƴan kasuwa na ƙauyuka.

Mai tebur. Shi ne ɗan kasuwa mafi kusa da talaka. Jarinsa kaɗan ne, amma yana raba kaya zuwa ƙaramin ƙulli: sukari na dala biyar, ganyen shayi na dala goma, omo a ƴar leda, mai a ludayi. Wanda ke samun kuɗinsa kullum-kullum ba ya iya sayen kwali, saboda haka mai tebur ne kantinsa. Sai dai idan aka tara kuɗin ƙullin da aka saya cikin wata guda, yakan zarce kuɗin kilo ko kwalin da aka saya a dunƙule.

Cinikin cikin gida da talla. Mata da yawa suna sana'a ba tare da sun zauna a kasuwa ba: fura, ƙosai, waina, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, daddawa, dambun zogale, tuwon sayarwa. Maƙwabta kan aiko yara su saya, ko kuma a ɗora wa ƴan mata talla. Kuɗin wannan sana'a ne ke shiga adashi da kayan ɗakin ƴaƴa mata. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, tsarin asusu da bashi da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, sun yaɗu har zuwa jihar Tawa, kuma daga irin wannan asusu mata da dama ke samun jarin farko. Ɓangaren da malaman makaranta suka daɗe suna kuka da shi shi ne talla tana hana ƴan mata zama a aji, musamman ranar kasuwa.

Shagunan da suka keɓanta da kaya iri ɗaya. A manyan garuruwan ana samun masu kayan gini kamar siminti, kwano, ƙarfe da fenti, masu kayan gyaran babur, masu wayar salula da cajinta, masu takin zamani da irin shuka da injin ban-ruwa, da teloli. Magani kuma wurinsa kantin magani mai izini ko ma'ajin magani na asibiti. Maganin da ake tallansa a faranti ko a shimfiɗe cikin rana doka ba ta yarda da shi ba, kuma zafi yana lalata shi ko da asalinsa mai kyau ne.

Bashi. Tsakanin mai shago da maƙwabcinsa akwai littafin bashi. Ma'aikaci yana ɗauka ya biya ƙarshen wata, matar ɗan ci-rani tana ɗauka ta biya ranar da aike ya iso, manomi yana ɗauka ya biya da kaka. Babu takarda, sai amana da sanin juna. Wannan ne abin da babban kanti ba ya yi, kuma shi ne ke riƙe gidaje da yawa. Shi ne kuma ke karya ƙananan ƴan kasuwa idan shekara ta ɓaci, masu bashi suka kasa biya.

Lissafin kuɗi da awo

Kuɗin ƙasa shi ne sefa, wanda bankin BCEAO ke bugawa. Darajarsa a ɗaure take da yuro: yuro ɗaya daidai yake da sefa 655.957. Amma a kasuwa ba a ƙirga sefa ɗaya-ɗaya, da dala ake lissafi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Ga yadda abin yake:

Dala biyar: sefa 25.
Dala goma: sefa 50.
Dala ashirin: sefa 100.
Dala hamsin: sefa 250.
Dala ɗari: sefa 500.
Jika ɗaya: sefa 1,000, wato dala ɗari biyu.

Idan mai kaya ya ce «ɗari da hamsin», sefa 750 yake nufi. Baƙon da ya zo daga Najeriya, ko yaron da ya saba da lissafin makaranta, nan yake fara ruɗewa. Dabarar ita ce a ninka abin da aka faɗa sau biyar.

A kasuwannin kusa da iyaka ana karɓar naira, kuma ƴan canji suna zaune a bakin kasuwa da tasha. Canjin yana motsi kullum, saboda haka mai hankali yakan tambayi mutum biyu ko uku kafin ya miƙa kuɗinsa.

Hatsi da tiya ake auna shi. Tiya ɗaya ta gero tana kai kimanin kilo biyu da rabi, don haka buhu mai kilo 100 yana ɗaukar tiya 40. Wannan lissafi yana da amfani wajen gane ko sari ya fi kiri sauƙi. Misali, idan tiya tana sefa 700, to tiya 40 ta kama 28,000. Duk buhun da aka sayar ƙasa da haka, in dai cikakke ne, ya fi awo araha. Matsalar ita ce tiya ba ta da girma ɗaya a ko'ina. Manoma sun daɗe suna ƙorafin cewa kwanon da ake saye da shi a hannunsu ya fi wanda ake sayar masu da shi girma, ga kuma bambancin yadda ake cika kwanon da yadda mai awo ke tare hatsi da hannunsa. Shi ya sa wasu ke zuwa kasuwa da tiyarsu.

Kayan miya ana sayar da su kashi-kashi, man girki da lita ko kwalba ko ludayi, atamfa da turmi ko yadi, nama kuma da tsibi ko da kilo. Gyara, wato ɗan ƙarin da mai kaya ke yi bayan an gama ciniki, al'ada ce da mai saye ke da damar nema.

Tayi yana da ƙa'idarsa. Kayan shago irin su sukari, sabulu da magi farashinsu sananne ne, ba a cika tayawa ba. Tufafi, takalma, tabarma da dabba kuwa sai an taya. Mai kaya zai ce «albarka» idan tayin bai kai ba, ya ce ya sallama idan ya yarda. Wanda ya taya aka sallama masa, abin kunya ne ya fasa. A kara, dillali yana karɓar la'ada, kuma aikinsa bai tsaya ga haɗa ciniki ba: shi ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, shi za a nema idan magana ta taso daga baya.

Inda kayan ke fitowa

Abin da yankin ke samarwa da kansa shi ne gero, dawa, wake, albasa, tumatir, kabeji da sauran kayan lambu, da dabbobi da fatu da tabarmi. Sauran kusan duk shigo da su ake yi.

Daga Najeriya ake kawo masara da wani kaso na gero da dawa, kayan roba, sabulu, lemo, takalma, atamfa, kayan gyaran babur da takin zamani. Manyan ƴan kasuwa suna sari a Kano, a Kantin Kwari don tufafi, kasuwar Singa don kayan masarufi, Dawanau don hatsi, wasu kuma a Sakkwato da Illela, wadda ke fuskantar Ƙonni. Daga Maraɗi da Ƙonni da Tawa ake rarraba shinkafar Asiya, sukari, man girki da fulawa da suka shigo ta tashar jirgin ruwa. Daga Aljeriya, ta hanyar Agadas, ake samun taliya, madarar gari da dabino. Siminti kuma yana kusa, tunda masana'antar Malbaza tana maƙwabtaka da gundumar Madawa.

Dogaro da waje ya sa duk abin da ya taɓa iyaka sai ya taɓa tukunyar gida. A watan Janairun 1994 an rage darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake rufe iyaka, ba a ɗage takunkumin ba sai ranar 24 ga Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar Najeriya a watan Maris. Kayan da a da suke biyowa ta Kwatano sun koma bin doguwar hanyar Lome ta cikin Burkina Faso, abin da ya ƙara kwanaki da kuɗin dako.

Man fetur ma labarinsa ya sauya. Shekaru da yawa man Najeriya da ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe a bakin hanya ya fi na gidan mai araha, kuma da shi ƴan kabu-kabu da masu injin ban-ruwa suke aiki. Da Najeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, wannan rata ta gushe, jama'a suka koma ga man matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011.

A ɓangaren Bangi akwai ƙarin matsalar tsaro. Hare-haren ƴan bindiga a arewacin jihar Sakkwato sun koro dubban mutane zuwa wannan yanki, sun kuma sa fatake da masu dabbobi yin taka-tsantsan wajen bin wasu hanyoyin kasuwa.

Abin da ke sa kuɗi a hannun masu saye

Abu biyu ne, bayan noman damina da kiwo, ke kawo kuɗi a kasuwannin yankin.

Na farko albasa. Fadamar Tarka a gundumar Madawa, fadamar Maggiya, da lambunan Keita da Tamaske suna cikin manyan wuraren noman albasa a Nijar. Irin da aka fi sani shi ne jar albasar da ta ɗauki sunan Galmi, garin da ke gundumar Malbaza. Manyan motoci suna lodi a wurare irin su Arewa, Sabon Gida da Tamaske zuwa Gana, Kodibuwa, Togo, Benin da Burkina Faso. Babban girbi yana zuwa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da albasa ke cika kasuwa farashi ya faɗi. Wanda ya iya ajiye tasa a rudu har zuwa ƙarshen damina yana sayarwa da daraja sosai, sai dai wani kaso yana ruɓewa a ajiya. Buhun albasa ana ɗinka masa hula a sama, nauyinsa ya wuce kilo 100, kuma girman wannan hula tsohuwar gardama ce tsakanin manoma da ƴan sari. Lokacin cinikin albasa ne masu babura, kwanon rufi, siminti da kayan aure suke ciniki.

Ƙasar da ake wannan noma ba haka kawai ta tsaya ba. Tun 1975 aka fara dasa layukan itatuwa masu kare iska a fadamar Maggiya tare da ƙungiyar CARE, kuma a 1984 aka fara babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumar FAO, inda aka farfaɗo da ƙasar da ta mutu, aka gina madatsun ruwa da hanyoyin karkara. Waɗannan hanyoyi sun haɗa ƙauyuka da dama da kasuwa.

Na biyu ci-rani. Mutanen Adar sun shahara da tafiya biɗa zuwa Najeriya, Kodibuwa, Kamaru, Libiya da Aljeriya. A da sai an sami mai zuwa gida a ba shi saƙo. Yanzu kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza suna da rassa a manyan garuruwa, ga kuma aike ta wayar salula. Wasu ƴan ci-rani ma kai tsaye suke tura wa mai shago kuɗi, shi kuma ya kai wa iyalinsu buhun hatsi ko shinkafa.

Yadda farashi ke juyawa cikin shekara

Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, hatsi yana araha domin kowa yana sayarwa don biyan bashi, haraji da hidimar aure. Daga bazara farashi yake fara hawa, ya kai ƙololuwa tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi kuma bai nuna ba. A daidai wannan lokaci dabbobi suna rame, kuɗinsu ya faɗi, sai makiyayi ya sayar da dabba biyu don abin da ɗaya ke saya masa da kaka. Manomin da ya sayar da geronsa da araha a Nuwamba shi ne yake dawowa ya saye shi da tsada a Yuli. A matsalar abinci ta 2005, wadda ta taɓa jihar Tawa sosai, hatsi yana nan a kasuwanni da dama, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka.

Azumi yana ɗaga kuɗin sukari, ƙanƙara, dabino da man girki. Ƙaramar salla lokacin teloli da masu atamfa da takalma ce. Layya tana ɗaga kuɗin rago, kuma masu kiwon turke, waɗanda mata suna da yawa a cikinsu, wannan lokacin suke jira. Watan Oktoba kuma na littattafai da alƙalamai ne saboda komawa makaranta.

Hukuma tana da hanyoyin sa baki. Hukumar SIMA tana bin farashin amfanin gona a kasuwanni tana bayyanawa, akwai kuma makamanciyarta ta dabbobi. Ofishin OPVN, wanda aka kafa a 1970, shi ke riƙe da hatsin ajiya na ƙasa, kuma daga rumbunansa ake fitar da hatsin da ake sayarwa da rahusa a ƙananan hukumomi lokacin ƙarancin cimaka. A ƙauyuka akwai bankunan cimaka, da tsarin jinginar hatsi, inda manomi ke ajiye buhunsa a sito da kaka a ba shi bashi, ya fanshe shi lokacin da farashi ya tashi. A watan Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da gero, dawa, masara, shinkafa da wake zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso, da nufin sauƙaƙa farashi a cikin gida.

Abin da mai saye zai kula da shi

Hatsin shekara da kaka ake sayensa, ga wanda ke da hali da wurin ajiya mai kyau. Kafin a biya buhu, a sa hannu ko a soka a duba ƙasansa, saboda tsakuwa, ƙaiƙayi da ƙwari. Wake musamman yana buƙatar buhu ko jarkar da iska ba ta shiga.

A duba ranar lalacewa a jikin madara, tumatirin gwangwani, taliya da lemo. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a bar shi. Gishirin girki a nemi mai sinadarin iyodin, wanda ke kare mutum daga maƙoƙo.

Nama da safe ake sayensa, a wurin mahaucin da aka sani, kuma wanda ma'aikacin kiwo ya duba. Maganin ƙwari da na feshi kada a haɗa su da kayan abinci a buhu ɗaya, kada kuma a zuba mai ko ruwan sha a jarkar da suka fito.

Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da ledar da ba ta ruɓewa da sayar da ita, amma har yanzu leda ce ke cika bayan kowace kasuwa, tana toshe magudanan ruwa, tana kashe awaki da shanun da suka haɗiye ta. Zuwa kasuwa da kwando ko buhu yana rage wannan ɓarna.

Wanda zai sayi dabba ya bi ta hannun dillalin da aka sani, ya karɓi tikitin ƙaramar hukuma ya ajiye. Wanda kuma ke ɗaukar kaya bashi a shago ya riƙa rubuta nasa lissafin, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa, domin yawancin saɓanin da ke shiga tsakanin mai shago da maƙwabcinsa daga mantuwa yake tasowa.